Taga, tsinke da faifan rairayi

Tun da na ajiye alli, ba abin da ke ɓata mini rai kamar jin sababbin malamai suna magana sai ka ce su ne suka gano yaron da idonsa lafiya lau amma rubutu ke rikice masa. Mun san shi tun 1976, da shirin UPE na ilimin firamare ga kowa ya cika mana azuzuwa maƙil. Ba makaho ba ne balle a kai shi Gindiri, inda mishan suka buɗe makarantar makafi a 1953. Likita ya auna, ya ce ba ya buƙatar tabarau. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ilimi na musamman, aka kuma buɗe kwalejinsa a Oyo, amma hankali ya fi karkata ga makafi da kurame. Shi kuwa wannan yaro yana bencin baya, ana ce masa daƙiƙi.

Wadda ta koya mini aikin, Allah ya jiƙanta, takardar malanta mai daraja ta biyu kawai gare ta. Kayan aikinta kwalin sukari ne da reza. Takan yanke taga daidai faɗin layi ɗaya, ta ɗora a kan shafi, sauran rubutun duk ya ɓuya. Wanda ke tsallake layi, ko ya maimaita wanda ya gama, sai ka ga ya natsu. In abin ya yi tsanani, ta rage tagar zuwa kalma guda, tana faɗaɗa ta sannu a hankali har ranar da za ta ce, "To ɗana, yau mu gwada ba taga." Daga nan sai ta miƙa masa tsinke irin na makarantar allo, ya riƙa bin baƙaƙe da shi. A lokacin wasu masu duba makarantu suna hana yara nuna rubutu da yatsa. Ita ko a jikinta.

Tsinken nan ya tuna mini da wani abu da baƙin masana ba sa kawowa a lissafi. Yawancin yaranmu a makarantar allo suka fara karatu, daga dama zuwa hagu. Yaro ya ga "na" ya ce "an" ba ya nufin yana da matsala. Malama takan yi ɗigon ja a gefen hagu na kowane layi, ta jira zango guda. Wanda sabo da karatun allo ne ke jansa, zai miƙe da kansa. Wanda bai miƙe ba, shi ne namu.

Sai kuma b da d, ga ɓ da ɗ sun ƙara wa yaron Bahaushe nauyi. Ba ta taɓa koyar da biyu daga cikinsu a mako ɗaya ba. Takan zuba rairayi a faifai, yaro ya zana harafin da yatsa yana furta sautinsa, ya share ya sake, har hannu ya riƙe inda lanƙwasar take. Kowace Juma'a kuma mu goge allon bango da baƙin tsohon batir, don farin alli a kan allon da ya koɗe azaba ne ga irin waɗannan yara.

Daga baya atisayen Marianne Frostig ya iso mana daga Amurka, yara suna bin zane-zane da siffofi. Malama ta ce in karatu ake so, da baƙaƙe za a yi atisaye, kuma binciken da ya biyo baya ya ba ta gaskiya. Haka ledojin launi na ɗorawa a kan shafi da Helen Irlen ta yayata tun 1983: a 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka suka ce babu hujjar cewa suna magance matsalar karatu, amma har yanzu akan raba su a wuraren bita kamar sabon magani.

Ban ce komai ya lalace ba. Littattafan ƙananan aji na yanzu sun fi namu manyan baƙaƙe da sarari tsakanin layuka. Abin da ya ɓace shi ne rabin awar nan ta bayan an tashi, da malami zai zauna kusa da yaro ɗaya yana kallon inda idonsa ke sauka. Yau ana kaɗa ƙararrawa 'yan ajin yamma na bakin ƙofa, malamin kuma yana sauri zuwa neman abin da zai cike albashi.