Gansakuka mai guba: tarihin bincikenta da abin da ya shafi tabkunan Maradi

Gansakukar da muke nufi a nan ba tsiro ba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira siyanobakteriya, masu yaɗuwa a ruwan da ba ya gudu idan zafi ya yi yawa, kuma taki da kashin dabbobi suka taru a ciki.

Rahoton kimiyya na farko game da gubarta ya fito a shekara ta 1878, sa'ad da George Francis ya bayyana mutuwar tumaki da dawaki a bakin tabkin Alexandrina na Ostareliya. A yankinmu kuwa, ta ƙofar abinci binciken ya shigo. A 1940 Pierre Dangeard ya yi bayani kan dihe, watau busasshiyar gansakukar da Kanembu ke kwasa daga tabkunan kanwa suna miya da ita. Jean Léonard, ɗan Beljiyam, ya sake cin karo da ita a kasuwar Fort-Lamy a 1964, sannan André Iltis na ORSTOM ya shafe shekaru yana nazarin tabkunan Kanem. A ganinmu wannan mafari ya sa masanan Sahel suka daɗe suna kallon koren ruwa ta fuskar amfani fiye da ta illa.

Abin da ya sauya ra'ayi shi ne mutuwar majinyata fiye da 50 a wata cibiyar wankin ƙoda a Caruaru ta Brazil a 1996. A 1998 OMS ta tsayar da iyakar wucin gadi: mikrogiram 1 na gubar mikrosistin-LR a litar ruwan sha.

Mu dawo gida. Gulbin Maradi, wanda ke ratsa gundumar Gidan Rumji inda Cadakori take, ruwan damina ne ke ciyar da shi. Tun da aka gina madatsar Jibiya wajajen 1990, ruwan da ke gangarowa ya ragu. Abin da ya rage da rani shi ne tabkuna marasa zurfi, masu ɗumi, inda shanu ke sha kuma suke kashi: sharuɗɗan yaɗuwar ke nan. Tabkin Madarunfa ya shiga jerin Ramsar a 2019.

Mai tarihi yana da aiki a nan. Alamun wannan guba a jikin dabba na iya kama da na wasu cututtuka, don haka ya kamata a sake karanta rahotannin likitocin dabbobi na zamanin Faransa, a gwada su da abin da tsofaffin makiyaya suka riƙe game da tabkin da suke ƙin kai garke.