Nauyi da Raɓa: Nazari a kan Mayar da Motar Kaya Ɗakin Kwana

Kafin mu shiga cikin batun, sai mun fayyace kalmomi biyu. Idan muka ce motar kaya, muna nufin ƙaramar mota mai rufaffen baya wadda aka ƙera don dakon hajar 'yan kasuwa, irin su Ford Transit, Fiat Ducato da Mercedes Sprinter. Motar zango kuwa ita ce wannan motar bayan an saka mata gado da murhu da tankin ruwa da wutar lantarki, ta yadda duk inda dare ya riski mai ita, nan zai yada zango. A Jamus wannan al'ada ta yi saiwa. A 1950 kamfanin Volkswagen ya fara fitar da motar nan da aka fi sani da Kombi, a 1951 kuma kamfanin Westfalia ya soma saka mata kayan kwana.

Aikin ya kasu kashi uku. Na farko shi ne kula da lafiyar motar: inji, birki, taya, da kankare tsatsa, domin galibin motocin da ake saya don wannan aiki sun riga sun sha hanya. Na biyu shi ne sauya jikinta, kamar yanka taga ko huda rufi don saka fanka. Na uku shi ne gina ɗakin kansa. Kashi na ukun ne ke ɗauke hankalin masu farawa, amma a ganinmu nauyi ne ke yanke hukunci a kan dukkan ukun.

A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, lasin tuƙi na gama-gari, wanda ake kira rukunin B, ya tsaya ne a kan motar da nauyinta da duk abin da ta ɗauka bai wuce kilo 3,500 ba. Abin da ya rage bayan an cire nauyin motar kanta shi muke kira rarar nauyi. A misali, idan mota tana da kilo 2,200 babu kaya a cikinta, rararta kilo 1,300 ke nan, kuma daga ciki za a ɗebe mutane da katako da batir da tukunyar gas. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 100 ya cinye kilo 100 tun ba a kafa gado ba. Wannan lissafi ne ya sa gwanaye ke fifita katako marar nauyi, da batirin litiyam, wato sabon nau'in batir da bai kai na dalma nauyi ba. Ba jimlar kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye kayan, domin kowane aksil, wato sandar da ke haɗa tayoyi biyu, yana da iyakarsa. Kafintan da ya jera akwatuna masu nauyi a sama ko a gefe guda ya ɓata tafiyar motar a kwana, komai kyawun aikinsa.

Matsala ta biyu ita ce raɓa, wato ruwan da ke taruwa idan ɗumin numfashi da tururin girki suka haɗu da ƙarfe mai sanyi. A sanyin Turai wannan ruwa kan ɓuya a bayan katako, ya haifar da tsatsa inda ido ba ya gani. Ana rage shi ta hanyar shimfiɗa abin tare sanyi tsakanin ƙarfe da katako, kamar gashin tumaki ko soso na musamman, tare da barin kafar da iska za ta riƙa shiga tana fita. Wannan kafa tana da wani aiki da ya fi kare ƙarfe muhimmanci: murhun gas a rufaffen wuri na iya fitar da kabon monoksaid, iska mai guba da ba ta da launi ko wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Shi ya sa ake girka na'urar da ke yin ƙara da zarar ta ji wannan iska, a kusa da wurin kwana.