2.3 Ciwon Sikabi da Gano Aikin Naman Haɗi

A wannan fasali za a duba yadda ciwon matuƙan jiragen ruwa ya haska wa masana aikin naman haɗi, wato agara da guringuntsi da ƙashi da ƙarƙashin fata.

A tafiyar da Joj Anson na Ingila ya jagoranta daga 1740 zuwa 1744, mutane fiye da 1,000 suka halaka, akasarinsu sanadiyyar sikabi. Abin ɗaure kai shi ne, tsofaffin raunuka sun sake buɗewa, har karayar da ta daɗe da ɗoruwa ta rabu. A 1747 likita Jems Lind ya gwada magunguna shida a kan majinyata 12. Biyun da aka ba lemo su suka fi saurin murmurewa. A ganin mai wannan bincike an cika yabon Lind, domin shi kansa ya ci gaba da ɗora laifin a kan danshin iska.

Sai bayan gano bitamin C a 1932 dalili ya fara fitowa fili. Kullum jiki yana warware tsohon zaren kolajin yana saƙa sabo, kuma in babu wannan bitamin sabon ba ya ƙwari, don haka tabo ya kan kwance. Siffar zaren kuwa, mai tufka uku, Ramachandran da Kartha suka bayyana ta a Madaras a 1954.