Bashe 404: yadda masu gareji suka riƙe gabanta

Jama'ar Maradi da Damagaram, wa ke tuna bashe 404 ranar kasuwa, an loda mata buhunan hatsi, mutane bisa kaya? Peugeot ta fito da 404 a 1960, ƙirar bashe ta biyo baya a 1967. Daga 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyara suka riƙa shigowa ta Jibiya da Dan Issa.

Baya dai lam ne, ba ya da rigima. Gaba ne ke shan wuyar gargada: amortisar da resor ɗinsa a haɗe suke, sai rotil, sai robobi, sai kiremayer da ke juya ƙafafu. In rotil ta ci, bolan ya yi wasa, taya ta cinye gefe guda.

Tsatsa kuwa, ƙasarmu busassa ce, ba ta cika kawo ta ba. Motocin da suka zo daga Turai ta Kwatano su ne ke ɗauke da ita, sabili da gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara. Kusa ta ƙi kwancewa sai an gasa ta da wuta.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin kayan Faransa ya tashi. Nan masu gareji suka koma yanka roba daga tsohuwar taya, suna cire kaya daga matattun motoci. Wannan dabara ce. Amma walda a kan rotil ganganci ne: in ta ɓalle mota na gudu, ƙafa ta kwanta, direba ba shi da sauran iko.