Tarihin Tsara Faɗa a Finafinan Jarumta na Ƙasar Sin: Daga Dandamali Zuwa Majigi

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970 masu zuwa gidajen silima a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Jos suka saba da abin da suke kira "fim ɗin Cainis". Faɗa shi ne abin da ya fi jan hankalinsu a ciki, kuma sunayen da suka haddace na 'yan wasa ne, kamar Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li. Sai dai duk sara da suka da tsallen da aka gani a majigi, akwai wani gwani da ya tsara su tun kafin a kunna kyamara, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Wannan maƙala za ta bi sawun tarihin wannan sana'a, domin a nuna cewa tushenta biyu ne, wato dandamalin wasan kwaikwayo da makarantar koyon faɗa, kuma tarihin finafinan kansa ya ginu ne a kan ja-in-ja tsakanin waɗannan tushe biyu.

2.0 Ma'anar Wuxia da Asalinta

Sinawa suna kiran irin waɗannan labarai wuxia. Gaɓar wu tana nufin abin da ya shafi yaƙi, xia kuwa jarumi ne mai tsare amana wanda yake kare raunana ba da umarnin hukuma ba. Tun a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa malami Han Feizi ya lissafa irin waɗannan masu takobi cikin abubuwan da ke lalata ƙasa, amma daga baya masanin tarihi Sima Qian ya keɓe musu babi guda a littafinsa, ya yaba da cika alkawarinsu. A zamanin daular Tang (618 zuwa 907) an rubuta gajerun labarai irin na Nie Yinniang, budurwar da aka horar da ita kan kisan ɗauki-ɗai-ɗai. Duniyar da jaruman ke yawo a cikinta ana kiranta jianghu, ma'ana "koguna da tafkuna", wato sararin da hannun sarki bai kai ba. Ya kamata a bambanta wuxia, wadda takobi da zamanin dauri suka mamaye, da finafinan kung fu na hannu da ƙafa. Ita kalmar kung fu asalin ma'anarta gwaninta ce da aka samu ta hanyar doguwar wahala.

3.0 Zangon Shanghai

Fim na farko da aka yi a Sin, Dingjun Shan, na 1905, ɗaukar wasan opera na Beijing ne, inda Tan Xinpei ya fito a matsayin tsohon sarkin yaƙi. Wannan ba ƙaramar alama ba ce, domin a wasan opera faɗa ɗaya ne daga cikin ginshiƙai huɗu da ake koya wa yaro, tare da waƙa da magana da kwaikwayo. Faɗan dandamali kuwa yana tafiya ne da kiɗan ganga da kuge, a yi motsi, a tsaya cak, sannan a ci gaba.

A 1928 kamfanin Mingxing na Shanghai ya fito da fim ɗin Ƙona Haikalin Jan Bado, ƙarƙashin darakta Zhang Shichuan. Karɓuwar da ya samu ta sa aka yi ta ƙara masa kashi har 18 zuwa 1931. A cikinsa an rataye 'yan wasa da waya don su yi kamar suna tashi, an kuma zana hasken takubba a kan hoto. A 1931 gwamnatin Kuomintang ta haramta irin waɗannan finafinai bisa zargin yaɗa camfi. Abin takaici, wannan fim ya salwanta, kamar akasarin takwarorinsa na wancan zamani. Gwamnatin kwaminis da ta zo a 1949 ita ma ba ta ba su dama ba, saboda haka sana'ar ta yi ƙaura zuwa Hong Kong da Taiwan.

4.0 Makarantu Biyu a Hong Kong

A 1949 aka fara jerin finafinan Wong Fei-hung da harshen Kanton, inda Kwan Tak-hing ya fito a matsayin wannan malami a finafinai fiye da 70. Shi Wong mutum ne da ya rayu a haƙiƙa, gwanin salon Hung Gar na kudancin Sin. Cikin waɗanda suka yi aiki a jerin akwai Lau Cham, almajirin Lam Sai-wing, wanda shi kuma almajirin Wong ne. Ɗan Lau Cham, wato Lau Kar-leung, shi ya zama jigon makarantar farko, mai ganin cewa wajibi ne faɗan fim ya nuna salon gaskiya, da tsayuwarsa da ladubbansa. Fim ɗinsa The 36th Chamber of Shaolin na 1978 kusan rabinsa horo ne.

Makaranta ta biyu daga dandamali ta fito. A 1966 King Hu ya yi wa kamfanin Shaw Brothers fim ɗin Come Drink with Me da harshen Mandarin. Ya zaɓi Cheng Pei-pei, wadda rawa ta koya, ya kuma damƙa faɗan a hannun Han Yingjie, wanda ya tashi a wasan opera. A Dragon Inn (1967) da A Touch of Zen, wanda ya sami lambar yabo a bikin Cannes na Faransa a 1975, sun yi amfani da wata shimfiɗa mai cilla mutum sama wadda aka ɓoye wa kyamara, sannan aka yayyanka hoton gajere-gajere, ta yadda mai kallo zai ga tashi da sauka, zuciyarsa ta cike masa tsakiyar.

A daidai wannan lokaci Chang Cheh, wanda finafinan takobi na Japan suka yi wa tasiri, ya fito da One-Armed Swordsman a 1967, fim ɗin Hong Kong na farko da ya tara dalar Hong Kong miliyan 1. Lau Kar-leung da Tong Kai ne suka tsara faɗansa, mai cike da jini da gumi. Daga 1970 kasuwa ta karkata ga faɗan hannu, musamman bayan fitowar Bruce Lee a 1971. Da ya rasu a 1973, yaran makarantar opera ta Yu Jim-yuen, irin su Sammo Hung da Jackie Chan da Yuen Biao, su ne suka cike gurbin da alkafura da barkwanci.

5.0 Yadda Ake Tsara Faɗa

Ana kiran mai wannan aiki wushu zhidao, wato mai ba da umarnin faɗa. A al'adar Hong Kong, idan aka zo wurin faɗa darakta yakan ja da baya, ya bar masa 'yan wasa da kyamara. Rubutun labari ba ya fayyace motsi, a filin ɗauka ake ƙirƙiro shi tare da tawagar masu wasan kasada. Ba a ɗaukar faɗan gaba ɗaya daga kusurwoyi da yawa kamar yadda aka saba a Amurka. Maimakon haka akan tsara 'yan motsi kaɗan, a zaɓa musu kusurwar da ta dace, a ɗauka, sannan a tsara na gaba, ta yadda haɗa hoton ya riga ya kammala a kan mai tsarawa. Akan rage gudun kyamara daga hoto 24 a daƙiƙa zuwa kamar 22, domin motsi ya ƙara sauri idan aka nuna. Sautin naushi da ƙarar takobi kuwa daga baya ake ɗora su, kuma su ne suka gaji aikin gangar dandamali.

6.0 Zamanin Waya da Fita Duniya

A 1982 fim ɗin Shaolin Temple, wanda ya fito da Jet Li, ya mayar da sana'ar cikin babban yankin Sin. A 1983 Tsui Hark ya yi Zu Warriors from the Magic Mountain, shi kuma Ching Siu-tung ya kai aikin waya maƙura a Swordsman II na 1992, inda mutane ke jan igiya a ɓoye jarumi yana shawagi. Yuen Woo-ping, ɗan tsohon ɗan opera Yuen Siu-tien, ya tsara faɗan The Matrix a 1999, sannan na Crouching Tiger, Hidden Dragon na Ang Lee a 2000, wanda ya ci kyautar Oscar 4. Faɗansa na kan itatuwan gora tuni ne ga King Hu, kuma Cheng Pei-pei ta sake fitowa a ciki. A 2015 Hou Hsiao-hsien ya koma ga labarin Nie Yinniang a fim ɗin The Assassin, ya taƙaita faɗa zuwa 'yan daƙiƙoƙi, ya kuma zama gwarzon darakta a Cannes.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa faɗan waɗannan finafinai gado ne da ya bi ta hannun malami zuwa almajiri, ko uba zuwa ɗa, ta silsila biyu. Hong Kong ta keɓe wa masu tsara shi lambar yabo tun 1983, alhali hukumar Oscar sai a 2025 ta sanar da irin wannan kyauta, wadda za a fara bayarwa a 2028. Amma makarantun opera masu tsananin horo da suka yaye su Sammo Hung sun daɗe da rufewa, King Hu ya rasu a 1997, Lau Kar-leung a 2013, Cheng Pei-pei a 2024. Kwamfuta tana iya goge waya daga hoto, har ta zana jarumi sukutum, amma sanin nauyin takobi da lokacin da ya dace a tsaya cak a jikin mutum yake. Saboda haka duk mai nazarin waɗannan finafinai ya kamata ya nemi sunan mai tsara faɗa kamar yadda yake neman na darakta.