Gidan Martin Luther a Lokacin Annobar 1527

Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a ƙasar Jamus, yana cikin shugabannin da annoba ta tarar a bakin aiki. Abin da ya faru a gidansa daga watan Agusta zuwa Kirsimeti na 1527, da shawarar da ya rubuta a lokacin, suna taimakon fastoci da dattawa idan cuta mai yaɗuwa ta shigo gari.

Yadda annobar ta zo

Cutar ta shiga Wittenberg a watan Agusta 1527. Annoba ce mai sa zazzaɓi da kaluluwa, wadda ƙuman ɓeraye ke yaɗawa, ko da yake mutanen lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce. Sarkin yankin, Yohanna na Saksoni, ya sa aka kwashe jami'ar garin zuwa Jena, ya kuma nemi Luther ya bi su. Luther ya ƙi. Ya zauna tare da faston garin, Johannes Bugenhagen, suna wa'azi, suna ziyarar marasa lafiya, suna jana'iza.

Zaman gida

Luther da matarsa Katarina suna zaune a wani tsohon gidan sufaye mai ɗakuna da yawa. Shekara biyu ke nan da aurensu, ɗansu Hans bai daɗe da cika shekara ɗaya ba, Katarina kuma tana da ciki. Duk da haka sun karɓi marasa lafiya, har Luther ya kwatanta gidan da asibiti a wata wasiƙarsa. Hans ya kwanta ciwo, ya warke. A farkon Nuwamba ƙanwar Bugenhagen ta rasu bayan ta haifi jariri ba rai, sai faston da iyalinsa suka komo gidan Luther domin su ta'azantar da juna. Shi kansa Luther yana fama da jiri da baƙin ciki mai nauyi a watannin nan. Ranar 10 ga Disamba, saura mako biyu Kirsimeti, Katarina ta haifi 'yarsu Alisabatu.

A nan muna ganin cewa shawarar fasto ba ta tsayawa a kansa. Matarsa ce ke dafa abinci, tana wanki, tana jinya, 'ya'yansa kuma suna kwana cikin haɗarin da ya ɗauka.

Abin da ya koyar

Wani fasto na birnin Breslau, Johann Hess, ya tambayi Luther ko ya halatta mai bi ya guje wa annoba. Amsar ta fito a ɗan littafi a shekarar nan. Luther ya ce makiyayi ba ya barin tumaki kamar ɗan ƙodago (Yahaya 10:11-13), haka ma masu mulki da iyaye da masu jinya. Amma inda fastoci suke da yawa, suna iya shiryawa a tsakaninsu waɗansu su tafi, muddin ba a bar jama'a ba mai kula. Wanda ba shi da hakkin kowa a wuyansa kuwa, bai yi zunubi ba in ya tafi.

Ya tsauta wa masu barin maƙwabci ya mutu shi kaɗai saboda tsoro. Ya kuma tsauta wa masu ƙin magani da sunan bangaskiya, ya ce gwada Allah suke yi, kuma suna iya jawo mutuwar waɗansu. Ya ce a sha magani, a turara gida, a guji wurin da ba a bukatar mutum.

Game da sujada, ya gargaɗi mutane su zo majami'a su ji Maganar Allah, su karɓi Jibin Ubangiji a kai a kai tun suna da lafiya, su kuma kira fasto tun majiyyaci yana cikin hayyacinsa.

Amfaninsa gare mu

Mun ɗanɗana irin wannan a 2020. An tabbatar da shigowar korona Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, ikkilisiyoyi da yawa suka yi Ista a gida, kuma da cutar ta sake tashi a Disamba, gwamnatin tarayya ta ce kada taron ibada ya wuce rabin abin da ɗaki ke ɗauka. Korona a cikin taro take yaɗuwa ta numfashi, don haka ba za mu kwafi shawarar Luther kan zuwa majami'a ido rufe ba. Ma'auninsa za mu ɗauka: wa ke bukatata, wa kuma zan iya cutarwa?

Saboda haka fasto ya zauna da matarsa kafin ya buɗe gidansa ga masu jinya (1 Timoti 3:4-5). Kada ya yanke shawarar sujadar Kirsimeti shi kaɗai. Ya haɗa dattawa da zumuntar mata da ma'aikatan lafiya na cikin ikkilisiya. In wuri bai isa ba, a raba sujada kashi biyu ko uku, ko a fita fili. Tsofaffi da marasa lafiya da aka ce su zauna a gida, a rubuta sunayensu, a sa wanda zai kai wa kowannensu addu'a da abincin biki.