Majami'ar Yahudawa: Yadda Ake Kafa Ta, Bukukuwanta da Haƙƙin Talaka a Cikinta

A unguwannin Kubwa da Jikwoyi na Babban Birnin Tarayya, Abuja, akwai wasu 'yan Nijeriya da ke ajiye aiki da faɗuwar ranar Juma'a, su kunna kyandir a gidajensu, washegari Asabar kuma su hallara domin karatun Attaura da harshen Ibrananci. Mabiya addinin Yahudanci ne, kuma galibinsu 'yan ƙabilar Ibo ne. Yawansu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da Musulmi da Kirista, shi ya sa akasarin 'yan ƙasa suka fi jin sunan Yahudawa a labaran rikicin Gabas ta Tsakiya. Sai dai Yahudanci addini ne da ya girmi ƙasar Isra'ila ta yanzu da ƙarnuka masu yawa, mabiyansa kuma suna da ra'ayoyi mabambanta game da siyasarta. Majami'a ita ce cibiyar rayuwar wannan addini, kuma tana tsaye ne a kan jama'ar da ake ƙirgawa, da asusun talakawa, da bukukuwan da ake yi tare.

Mutum goma kafin gini

Tun daga shekara ta 70 Miladiyya, lokacin da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadar Yahudawa a Birnin Ƙudus, majami'a ta maye gurbinsa a duk inda Yahudawa suka sami kansu. Tana da sunaye uku da Ibrananci, masu ma'anar gidan taro, da gidan addu'a, da gidan karatu, domin ayyukan nan uku take yi.

Sharaɗin farko na kafa ta shi ne samun mutum goma baligai, abin da ake kira minyan. Idan ba su cika goma ba, akwai ibadun da ba za a yi ba, kamar karatun Attaura a bainar jama'a da addu'ar da masu makoki ke yi wa mamacinsu. Idan kuwa sun cika, ko a ɗakin haya ne ko a ƙarƙashin rumfa, ibada ta inganta. Attajiri da leburan kasuwa kowannensu mutum ɗaya ne a wannan ƙirga. Malamin addinin, wanda ake kira Rabbi, aikinsa koyarwa ne da yanke hukunci, amma duk wanda ya iya karatu yana iya jagorantar addu'a.

Abu na biyu shi ne naɗaɗɗen littafin Attaura, wanda ake rubutawa da hannu a kan fata. Haruffansa 304,805 ne, kuma marubucin yakan kwashe kimanin shekara guda yana aikin. Ana ajiye shi cikin akwati na musamman a bangon da ke fuskantar Ƙudus. Tsadarsa ta sa ƙananan al'ummomi, har da na Nijeriya, sukan dogara da kyauta daga majami'un ƙasashen waje.

Wa ake ƙirgawa?

Amsar wannan tambaya ce ta raba Yahudawan zamani gida-gida. Masu riƙon tsohuwar hanya, waɗanda ake kira Otodoks, maza kaɗai suke ƙirgawa cikin goman nan, kuma maza da mata ba sa zama wuri ɗaya lokacin ibada. Masu ra'ayin gyara, waɗanda tafiyarsu ta faro a Jamus a ƙarni na 19, suna ƙirga mata kuma suna ba su jagoranci. Akwai ɓangare na uku da ke tsakiya, wanda a Amurka ya amince da ƙirga mata a shekarar 1973.

Mace ta farko da aka naɗa Rabbi ita ce Regina Jonas, a Jamus, a 1935. 'Yan Nazi sun kashe ta a sansanin Auschwitz a 1944. A Amurka kuwa Sally Priesand ce ta fara, a 1972. Yaro yana shiga sahun baligai yana da shekara 13, yarinya kuma 12 ko 13, gwargwadon al'adar majami'arsu.

Haka nan akwai batun asali. A tsohuwar shari'ar addinin, Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga addinin a gaban kotun malamai uku. Wannan ƙa'ida ce ta sa aka daɗe ana muhawara kan Yahudawan Habasha, har sai da babban malami Ovadia Yosef ya yanke hukuncin amincewa da su a 1973. Daga baya aka kwashe dubbansu zuwa Isra'ila a 1984, sannan fiye da mutum 14,000 cikin kwana biyu a watan Mayun 1991.

Sadaka a matsayin haƙƙi

Kalmar da Yahudawa ke amfani da ita ga taimakon mabukata ita ce tsedaka. Tushenta ɗaya da kalmar Larabci da Hausa ta aro, wato sadaka, amma a Ibrananci daga kalmar adalci ta fito. Malamansu suna ɗaukar ta wajibi, kusa da yadda Musulmi ke ɗaukar zakka, kuma an saba da fitar da ushirin abin da mutum ya samu.

Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya tsara asusu iri biyu. Na farko asusun kuɗi ne da ake rabawa mako-mako ga talakawan gari. Na biyu akushin abinci ne na kullum ga duk mai jin yunwa, har da baƙo. Mutum biyu ne ke karɓar kuɗin asusun, mutum uku ke raba shi, domin kada a bar amanar jama'a a hannun mutum guda. Wanda yake da abincin mako ba ya cin asusun kuɗi, wanda yake da na yini kuma ba ya cin akushin. Littafin Talmud ya ƙara da cewa a ciyar da talakawan da ba Yahudawa ba, a gai da marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya.

Musa bin Maimun, malami kuma likita da aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a Masar a 1204, ya kasa bayarwa hawa takwas. Mafi ƙasa shi ne a bayar da ɓacin rai. Kusa da ƙololuwa akwai bayarwar da mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. Mafi girma kuwa shi ne a ba mutum jari, ko rance, ko aikin yi, har ya daina roƙo.

Wannan tunani ya kai har gona. Attaura ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa bai girbe ba, kada kuma ya koma tsintar abin da ya zuba, domin rabon talaka ne da baƙo. Manomin gero ko gyaɗa a Sakwa ta ƙasar Katagum, wanda ya saba ganin mata da yara suna shiga kala bayan an kwashe amfani, ya san irin wannan haƙƙi tun daga kakanninsa. A zamanin nan wasu majami'u sun faɗaɗa ma'anar zuwa fafutukar kare haƙƙin jama'a. Misalin da aka fi ambata shi ne Rabbi Abraham Joshua Heschel, wanda ya yi tattaki tare da Martin Luther King daga garin Selma a 1965 domin neman wa baƙar fatar Amurka 'yancin zaɓe.

Bukukuwan shekara

Watannin Yahudawa na wata ne kamar na Hijira, amma suna ƙara wata na 13 sau bakwai a cikin kowace shekara 19, domin kada bukukuwa su riƙa zagaya damina da rani. Shekararsu ta 5786 ta kama ne a watan Satumban 2025. Kusan kowane biki yana ɗauke da wani nauyi da ke kan mai hali game da maras hali.

Sabuwar shekara, Rosh Hashana, tana zuwa a Satumba ko farkon Oktoba, ana busa ƙahon rago domin kiran jama'a zuwa tuba. Kwana na goma ga watan shi ne Yom Kippur, Ranar Kafara, da azumin kimanin awa 25 ba ci ba sha. Koyarwar malamansu ita ce azumin ba ya kankare laifin da mutum ya yi wa ɗan'uwansa sai ya nemi yafewarsa, don haka kwanakin da ke gabanta na biyan bashi ne da sasanta rigima. Kwana biyar bayan nan sai Idin Bukkoki, inda iyalai ke kafa rumfar ganye su ci abinci a ciki kwana bakwai tare da baƙi, domin tunawa da zaman Bani Isra'ila a hamada.

Hanuka na zuwa a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, da kunna fitilu dare takwas, tunawa da sake tsarkake ɗakin ibadar Ƙudus a shekara ta 164 kafin Miladiyya. A bikin Purim, wanda ke faɗowa a Fabrairu ko Maris, wajibi ne kowa ya ba aƙalla talakawa biyu kyauta, ya kuma aika wa wani abokinsa abinci.

Idin Ƙetarewa, wato Pesah, shi ne tunawa da fitar Annabi Musa (AS) da jama'arsa daga bautar Fir'auna. Kwana bakwai ne a Isra'ila, takwas a wurin akasarin na waje, kuma ba a cin gurasa mai yisti. A daren farko iyali ke zama cin abinci na musamman, ƙaramin yaro ya yi tambayoyi, manya su ba da labari, kuma ana buɗe zaman ne da gayyatar duk mai jin yunwa. Kafin idin akan tara kuɗin alkama domin gidajen da ba su da hali. Mako bakwai bayansa sai Idin Makonni, wanda a cikinsa ake karanta labarin Rut, baƙuwa daga ƙasar Mowab da ta shiga addinin, ta rayu da kala a gonar sha'ir, ta kuma zama kakar mahaifin Annabi Dawuda (AS) bisa ruwayarsu.

Sawun Yahudawa a Afirka ta Yamma

Tarihin yankin nan ya taɓa haɗuwa da Yahudawa ta hanyar fataucin Sahara. A Tuwat, cikin kudancin Aljeriya ta yau, akwai tsohuwar al'ummarsu mai majami'a a garin Tamantit. Wajen shekarar 1492 Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya jagoranci rushe ta, bisa hujjar cewa Yahudawan sun karya sharuɗɗan zaman amana. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda da shi ba, malaman Magrib kuma suka rabu biyu a kan mas'alar. Shi ne al-Maghilin da ya zo Katsina da Kano, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, sannan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hana Yahudawa zama da fatauci a daularsa.

Sai bayan kusan ƙarni huɗu wani malami ɗan kasuwa daga garin Akka na Maroko, Mordechai Aby Serour, ya sami izinin zama a Tumbutu. A shekarun 1860 ya jawo 'yan'uwansa har suka cika adadin goman da ibada ke bukata, amma al'ummar ba ta daɗe ba ta watse.

Abuja da darasin Yuganda

Yahudawan Nijeriya na yau ba daga wancan tushe suka fito ba. Tun a 1789 Olaudah Equiano ya rubuta cewa wasu al'adun Ibo, kamar kaciya da dokokin tsarki, sun yi kama da na Yahudawa. A ƙarshen ƙarni na 20 wasu suka bar coci suka rungumi Yahudanci, suna koyon Ibrananci daga littattafai, daga baya kuma ta intanet. Majami'ar Tikvat Israel da ke Kubwa da ta Gihon da ke Jikwoyi na cikin waɗanda aka fi sani, akwai kuma wasu a jihohin Kudu maso Gabas da Fatakwal. Ƙungiyar Chabad ta buɗe cibiya a Abuja a 2012. Farfesa William Miles na Amurka, wanda ya zauna a ƙauyukan Hausawa na kan iyakar Nijeriya da Nijar kuma ya wallafa littafi a kansu a 1994, shi ne kuma ya rubuta littafi kan Yahudawan Abuja.

Babban ƙalubalensu shi ne amincewa, domin hukumar manyan malamai ta Isra'ila ba ta ɗauke su Yahudawa bisa asali ba. Wannan ya sa wasunsu suka zaɓi shiga addinin a gaban kotun malamai, wasu kuma suna ganin ba a shiga gidan da aka haifi mutum a ciki.

Al'ummar Abayudaya ta yankin Mbale a Yuganda ta riga su bin wannan hanya. Semei Kakungulu ne ya kafa ta a 1919. Gwamnatin Idi Amin ta haramta ibadarsu, aka rufe majami'unsu, har suka ragu zuwa 'yan ɗaruruwa. Faɗuwarsa a ranar 11 ga Afrilu, 1979 ta zo daidai da jajibirin Idin Ƙetarewa. A farkon shekarun 2000 manomansu suka haɗa kai da maƙwabtansu Musulmi da Kirista suka kafa ƙungiyar gama kai ta noman kofi mai suna Mirembe Kawomera. Shugabansu Gershom Sizomu ya zama Rabbi a 2008, aka kuma zaɓe shi ɗan majalisar dokokin ƙasar a 2016.

A Nijeriya, sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da yin ibada shi kaɗai ko tare da jama'a, sashe na 10 kuma ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa. Waɗannan sassa ne ke kare masallacin Juma'a a Azare da coci a Aba, su ne kuma ke kare mutum goman da ke haɗuwa ranar Asabar a Kubwa.